Formol: Kayan Masana'anta Ne, Ba Na Tukunya Ba

Jawabi ga masu koyon karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci na jihar Damagaram

 

Yau ba maganar gero ko gyaɗa za mu yi ba. Maganar wani ruwa za mu yi. Da yawa cikinku ba su taɓa ganinsa ba, amma yana cikin ɗakunanku. Sunansa formol. Ku ɗauki alli ku rubuta shi a allo: F, O, R, M, O, L. Baƙi shida ne. Ku riƙe su da kyau, domin wata rana kuna iya ganinsu a jikin kwalba ko jarka. 'Yan'uwanmu na Nijeriya suna ce masa fomalin. A kasuwa wasu na ce masa ruwan gawa. Duk abu ɗaya ne.

Mene ne formol? Asalinsa iska ne mai kaifin wari. Idan ya bugi hancinka sai ka ji yaji, idonka ya kawo ruwa, kamar an ƙona barkono a ɗaki. Tun da iska ba ta ɗaukuwa a ƙwarya, sai masu masana'anta su narkar da shi cikin ruwa. A cikin kashi 100 na wannan ruwa, wajen kashi 37 formol ne. Ruwan fari ne tas. Da ido ba ka bambanta shi da ruwan rijiya. Ku lura da wannan, za mu komo kansa.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, mai suna Butlerof, shi ya fara cin karo da shi a shekarar 1859. A lokacin Sarki Tanimun ne ke bisa gadon sarautar Damagaram. Bayan shekaru kaɗan wani Bajamushe, Hofman, ya gane ko mene ne, ya kuma nuna hanyar yinsa. Yau ana yin tan miliyoyi a kowace shekara. Daga iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa ake fara fitar da wani ruwa mai suna metanol, sannan a juya shi ya zama formol. Kada ku ce ko matatar SORAZ ce ke yinsa. Matatar nan ta arewa da Zinder, wadda aka buɗe a 2011, aikinta tace fetur da gazuwal da gas ɗin girki. Formol ɗin da ke ƙasarmu daga waje ake shigo da shi.

To, me ake yi da wannan tulin formol?

Mafi yawansa gam ake yi da shi, da roba mai tauri. Kun san ƙaro. Kun san yadda yake fita daga jikin itace da danƙo, in ya bushe ya yi tauri. Shekaru aru-aru mutane da irin wannan danƙo na Allah suke aiki. A shekarar 1907 wani mutumin Beljiyam da ke zaune a Amurka, sunansa Bekeland, ya haɗa formol da wani sinadari, ya dafa su tare. Sai ya sami wani danƙo wanda in ya daskare, wuta ba ta sake narkar da shi. Aka sa masa suna bakelit. Ita ce roba ta farko da ɗan Adam ya yi ba tare da ya tatsi itace ko dabba ba. Dattawa, kun tuna tsofaffin akwatunan rediyo masu baƙin jiki? Kun ga baƙin mariƙin da ke jikin wasu tukwane da butocin shayi, wanda ba ya ƙona hannu? Dangin wannan roba ne.

Manoma, ga naku. Takin zamanin nan fari mai kamar ƙanƙara, wanda muke kira ure, in an haɗa shi da formol a masana'anta sai ya zama gam. Da wannan gam ake manna siraran katakai a yi falle mai faɗi. Da shi ake cuɗa garin katako a matse shi ya zama allon kabad da gado da tebur. Kayan ɗakin amarya da kafintoci ke yi yanzu, mafi yawansu daga irin wannan allo ne. Akwai kuma farantai da kofunan nan masu sheƙi da zanen fure, waɗanda ba su da nauyi, ba su saurin fashewa. Su ma da formol a cikinsu, haɗe da wani farin gari mai suna melamin. A gidan likita kuma, idan an yanko wata tsoka daga jikin maras lafiya don a bincika, cikin formol ake ajiye ta. A ƙasashen da ake jinkirta jana'iza, da shi ake hana gawa ruɓewa. Nan ya samo sunan ruwan gawa.

Kun ga ashe abu ne mai amfani. Ba wanda ya ce a kore shi daga duniya.

Na san tambayar da ke bakin Inna da ke zaune can baya. In guba ne, yaya muke cin tuwo a farantinsa ba mu mutu ba?

Amsar tana wurin magina. Siminti yana gari, in ka shaƙe shi ya sa ka tari. In ka cuɗa shi da hannu tsirara ya cinye maka fata. Amma in an kwaɓa shi da yashi da ruwa ya bushe, ya zama daɓe. Kana kwanciya a kansa, yaro na rarrafe a kansa, ba abin da zai same ku. Haka formol yake. A cikin faranti an ɗaure shi, ya zama wani abu dabam. A cikin kwalba kuwa sake yake, da ƙarfinsa duka.

Sai dai ɗaurin ba ya cika ɗari bisa ɗari. Zafi yana kwance shi kaɗan-kaɗan. Saboda haka farantin roba mai sheƙi ba na ɗora wa a wuta ba ne. Kada a zuba masa mai yana tafasa. Kada a bar abu mai tsami da zafi ya daɗe a ciki. In ya tsage, ko sheƙinsa ya goge ya yi kaushi, a daina cin abinci a ciki, a mai da shi na ba kaji tsaba. Tuwo mai zafi da miya, ni dai a ganina ba abin da ya kai musu akushi da kwanon ƙarfe da kaskon Mirya.

Kabad da gado sababbi su ma suna fitar da shi. Wa ya taɓa shiga ɗakin amarya ranar jere, ya ji idonsa na yaji? Mutane su ce ƙamshin sabon kaya ne. Ba ƙamshi ba ne, gam ɗin ne ke numfashi. Kuma da bazara, lokacin da zafin Damagaram ke wuce awo 40, ya fi fita. Ga ɗaki a rufe, ga labule, ga turaren wuta. Maganin wannan ba ya cin ko dala. A bar kayan su sha iska a rumfa kwanaki kafin a shigar da su. In an jera, a riƙa buɗe taga da ƙofa. Kada a kwantar da jariri ko mai asma a ɗakin da warin bai fita ba. Kuma guntayen wannan allo da ake kwasowa daga wurin kafinta, ba itacen girki ba ne. Kada a gasa tsire da su, kada a yi bandar kifi da su.

Wannan duka ƙaramar magana ce. Babbar ita ce ta abinci.

A shekarun nan an yi ta jin kuka, a ƙasarmu da ƙasashen maƙwabta, cewa wasu masu sayar da nama da kifi da madara suna yayyafa musu formol don kada su lalace. A Nijeriya hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna, ta sha jan kunnen jama'a a kan haka. Ban zo nan don in ɓata sunan kowa ba. Mahautanmu da masuntanmu da matan Fulani masu kawo nono, mafi yawansu mutanen kirki ne, da guminsu suke ci. Kuma mun san halin da suke ciki. Mutum ya kama kifi a tafkin Lasuri ko Gidimuni da asuba. Kafin ya sami mota, rana ta take. Ba ƙanƙara, ba firiji, in ma akwai firijin ba wuta. Ya iso kasuwar Dole kifi ya fara wari. Jarinsa ke nan duka. Sai wani ya raɗa masa a kunne: akwai wani ruwa, murfi ɗaya a bokiti, kifinka ya kwana uku garau. Wanda ya raɗa masa bai gaya masa sauran labarin ba. Shi kuma wataƙila bai iya karanta abin da ke jikin jarkar ba.

Ga sauran labarin. Don ku gane shi, mu leƙa majema.

Damagaram garin jima ne tun kaka da kakanni. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, fatun da aka jeme a nan ayari ke ɗauka, su ratsa hamada har Tarabulus. Ɗanyar fata in ka yar da ita kwana biyu sai ta yi ɗoyi. Amma majemi ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, sai ta zama kirgi, ta shekara goma ba ta ruɓe ba. Me bagaruwa ta yi mata? Ta shiga cikin naman fatar ta ɗaure zarurrukansa, ta mai da shi abin da ƙwayoyin ruɓa ba su iya ci. To, aikin formol ke nan, sai dai ya fi bagaruwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Naman da aka sa wa formol, jeme shi aka yi. Kifin da aka tsoma a ciki, jeme shi aka yi. Ba sabo ba ne, kamar sabo yake.

Yanzu ku tambayi kanku: maƙogwarona da tumbina da hanjina, da me aka yi su? Da nama. Formol bai san bambancin naman rago da na mai ragon ba. Abin da ya yi wa wancan shi zai yi wa wannan.

Wanda ya sha shi tsagwaronsa, zai ƙone daga baki har ciki. Sai amai, wani lokaci da jini, sai ciwon ciki mai tsanani, numfashi ya sarƙe, ƙoda ta tsaya. Cokali biyu na cin abinci, wato abin da bai cika ƙaramin kofin shayi ba, yana iya kashe babban mutum. Yaro kuwa bai kai haka ba. Ga shi kuma ana barin metanol a cikin ruwan don kada ya lalace, shi kuma metanol yana makantarwa.

Wanda yake samunsa kaɗan-kaɗan a abinci ba zai faɗi nan take ba. Wannan ne ya sa mai yin abin yake cewa: ai na daɗe ina yi, ba wanda ya mutu. Ina ya sani? Wanda ya sayi kifin ya koma ƙauyensu. In cikinsa ya murɗa da dare, zai ce sanyi ne, ko shawara, ko sammu. Ba zai dawo kasuwa ya ba da labari ba. Shi kansa mai yayyafawar yana cikin hatsari, ya ma fi kowa, domin shi ke shaƙa kullum, shi ke tsoma hannu. Hannu ya bushe ya tsattsage, ƙirji ya riƙa kuka. A birnin Liyon na ƙasar Faransa akwai wata cibiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken ciwon daji, wato kansa. A shekarar 2004 ta sa formol cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam wannan ciwo, musamman a can bayan hanci, wurin da ya haɗu da maƙogwaro. A 2009 ta ƙara da kansar jini.

Wani mai wayo zai ce: Malam, ai an ce hayaƙin itace ma akwai formol a ciki, ga shi muna cin banda. Gaskiya ne. Akwai ɗan kaɗan a hayaƙin itace da na taba. Jikinmu ma yana yin ɗan mitsitsi, ya kuma kawar da shi da kansa. Amma gishirin da ke gyara miya, in ka juye mudu guda a tukunya, wa zai sha? Abin da jiki ke iya ɗauka dabam, abin da ake zubawa daga jarka dabam.

Kada ku ɗauka mu kaɗai wannan fitina ta sama. A Amurka, wajen shekarar 1900, kafin firiji ya yawaita, masu sayar da madara sun riƙa ɗiga mata formol don ta daɗe. Jarirai suka mutu, har da na gidan marayu. Jama'a suka yi ta kuka, sai a 1906 aka yi dokar tsabtar abinci da magani. A Bangaladash, ƙasar masu cin kifi, abin ya yi yawa har a 2015 aka yi wa formol doka tasa ta kansa, ba mai shigo da shi ko sayar da shi sai da izini. A ƙasar Sin kuma, a 2008, wasu suka zuba garin melamin, abokin formol na yin faranti, cikin madarar jarirai, don a auna a ga kamar mai kyau ce. Yara wajen 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda da na fitsari, aƙalla 6 suka rasu. Duk labarin iri ɗaya ne: kayan masana'anta ya ɓata hanya ya faɗa ƙwarya.

Yaya mai saye zai gane? A nan sai mu yi hankali, domin ido ba ma'auni ba ne. Amma akwai alamu. Kifin ya yi tauri kamar roba, in ka latsa ba ya lotsawa. Ba ya ƙarnin kifi, sai wani wari mai hawa hanci. Nama ya wuni a rana bai sake kama ba, a tukunya kuma ya ƙi nuna. Madara ta kwana cikin zafi ba ta yi tsami ba, an sa mata iri ta ƙi zama nono, domin ƙwayoyin da ke mai da madara nono sun mutu. Sai kuma ƙuda. Mun saba korar ƙuda, amma teburin nama ko kifi a fili wanda ba ƙuda ko ɗaya, alhali na maƙwabcinsa ya cika, abin dubawa ne. Wani lokaci ba formol ba ne, maganin ƙwari ne irin piya-piya aka fesa. Shi ma guba ne, ba gwara a ciki.

In kun ga haka, kada ku saya. Kada kuma ku ce za ku wanke ku dafa. Wanki da wuta suna rage wani abu, amma ba mai ba ku tabbacin sun fitar da shi duka. Kada ku tara wa mutum jama'a da ihu a kasuwa, domin kuna iya zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba. Ku je wurin sarkin fawa ko sarkin kasuwa. Ku gaya wa malamin dabbobi mai duba nama a mayanka, ko ma'aikatan tsabta na gidan magajin gari. Su ne ke da ikon ɗaukar abin a kai shi wurin awo.

Ku kuma masu sana'a, hanyoyin iyayenmu suna nan, ba su tsufa ba. Naman da ya kwana a yi kilishi da shi tun bai juya ba: a fere shi siriri, a shanya, a tsoma a tunkuza da yaji, a gasa. Ko a soya, ko a yi dambu. Mahaucin ƙauye ya yanka daidai abin da kasuwar ranar za ta ɗauka. In sa ya yi yawa, mutum biyu ko uku su haɗa kai su raba. Kifi a fede shi tun a bakin tafki, a sa gishiri, a yi banda. Ribar banda ba ta kai ta ɗanye ba, na sani, amma tana kai wata ba ta lalace ba, kuma ana neman ta har Kano. Madara a tafasa ta, a zuba a ƙwarya wankakkiya wadda ta sha rana. Masunta da suke da ƙungiya suna iya haɗa kuɗi su sayi ƙanƙara da akwatin sanyi tare. Masu tumatir da ganye na Mirya da Matamai, akwai dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Wani malami daga jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa ta, har ya sami lambar yabo ta duniya a shekarar 2000. Amma ta kayan lambu ce, ba ta ɗanyen nama ba.

Saura maganar da na ce za mu komo kanta. Formol fari ne kamar ruwa. Masu kiwon kaji da yawa suna amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin kaji, wasu kuma sukan samo shi daga wurin aiki. In da larura ta sa yana gidanku, kada a juye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Yaro ya dawo daga kiwo da ƙishirwa, ba zai tsaya sansana ba. A bar shi a mazubinsa na asali, da rubutunsa, a kulle. Jarkar da ta taɓa ɗaukarsa, ko wadda kuka gani da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, ba ta ruwan sha ba ce, ba ta man gyaɗa ba ce, ko da an ba ku ita kyauta.

In tsautsayi ya faɗa, ga abin yi. Wanda ya shaƙa, a fitar da shi fili ya sha iska. In ya zuba a jiki, a tuɓe rigar, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. In ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, ba tsayawa, sannan a tafi likita. In an sha, kada a sa wa mutum yatsa a baki don ya yi amai, domin abin da ya ƙona hanya da shiga zai sake ƙona ta da fita. Kada a ba shi manja ko ruwan toka ko jiƙo. A kurkure masa baki. In yana cikin hankalinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwa 'yan kurɓi kaɗan. A nemi amalanke ko babur ko mota nan da nan, a kai shi gidan likita mafi kusa, ko da ya ce ya ji sauƙi. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi babban asibitin Zinder. A tafi da kwalbar, domin likita ya karanta abin da ke jikinta.

Malaman cibiyoyi, a karatun mako mai zuwa ku sa kowane ɗalibi ya rubuta kalmar nan sau biyar, ya kuma zana hoton ƙoƙon kan a gefenta. Wanda yake da tsohuwar jarka ko gwangwani mai rubutu a gida, wanda bai san abin da ya taɓa ɗauka ba, ya kawo shi a rufe, a karanta tare.